Noti Biyu Marasa Kai

Ranar Litinin da safe wata mota daban ce ta kwashi yaran ƙaramar makarantar da ke ƙarshen layi. Farar bas ɗin da ta saba kai su tana tsaye a ƙofar gidan hayar mai ita, an cire murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, wayoyi suna reto. Mai motar, dattijon da yara da iyayensu ke kira Baba Direba, yana kwance rigingine a gaban kujerarsa, ƙafafunsa a waje.

Matsalar ta fara ne tun Juma'a da yamma. Ya sauke yarinyar ƙarshe, ya dawo gida, ya kashe mota, sai ya ga ya tare ƙofar maƙwabci. Ya murɗa makulli don ya matsa gaba, shiru. Makunnin, wato gidan da makulli ke shiga, ya daɗe yana ba shi wahala. Kullum sai ya jijjiga makullin, ya ɗan ja shi baya, kafin inji ya amsa, kuma a wannan zangon yara sun sha makara saboda haka. Wannan karon ko jijjigar ba ta yi aiki ba. Da ya kira shugabar makarantar, ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, iyaye sun dame ni. Idan Litinin ba ka fito ba, akwai mai jiran aikin."

"Zan fito, Malama. Gyaran rabin yini ne."

Shi kaɗai yake zaune a ɗaki ciki da falo tun rasuwar matarsa. 'Yarsa tana aure a nesa, takan kira idan ta samu sarari. Surutun da yake ji a yini shi ne na bayan motar: faɗa kan kujerar taga, kukan wanda ya manta gorar ruwa, da tambayar da ba sa gajiya da ita, wai me ya sa gashi ya fito masa a kunne.

Asabar da safe ya sayo sabon makunni. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera kayan aiki: sifana mai lamba goma don cire kan batir, sukudireba mai faɗin baki da mai tauraro, filaya, salatif, tocila da wata ƙaramar guduma. Ya cire kan batir tukuna. Ya kwance murfin sitiyari, ya zuba ƙananan notocin a murfin kwalba, ya zare soket ɗin wayoyi. A nan aikin ya tsaya. Noti biyun da ke riƙe da makunnin ba su da kai. Haka kamfani ke yin su: da zarar an ɗaure, kan ya karye, don kada ɓarawo ya kwance da sifana. Ana kafa bakin kurfi ne, wato siririn ƙarfe mai kaifin baki, a gefen notin a karkace, a riƙa bugawa a hankali har ya juya.

Ba shi da kurfin. Mahaifinsu bakanike ne, kuma da ya rasu, shi da yayansa suka baje akwatin kayan aikinsa a tsakar gida, suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya don kada a ce an cuci wani. Rabon ya yi adalci, sai dai ya raba kowane kaya da abokin aikinsa. Yaya ya ɗauki siririn kurfin da tsohon ya ƙera da hannunsa, mai ɗan lanƙwasa a baki, shi kuma ya ɗauki gudumar. Ba su yi faɗa ba. Bayan rabon ne kawai babu wanda ya sake samun dalilin neman ɗan'uwansa, sai a biki ko rasuwa.

Kurfin da ya samo a kasuwa ya yi kauri, bai shiga tsakanin sitiyari da ƙarfen ba. Mai wayarin da ke bakin titi ya saurare shi yana goge hannu.

"Baba, ka fi ni sani, ba a ba da aron kayan aiki. Jawo ta ranar Talata in huda maka su."

"Talata ta yi nisa."

"Duk motocin nan da ka gani, haka masu su suka ce."

Lahadi ya hau motar haya zuwa ɗaya gefen garin. Matar yayansa ce ta buɗe ƙofa.

"A'a! Yau ruwa za a yi. Maigida, ƙaninka ne, ashe yana raye."

"Matarmu, har yanzu bakin nan bai tsufa ba?"

"Kai ne ka tsufa. Dubi wuya kamar na zakara. Wa ke dafa maka abinci, ko hayaƙin mota kake ci?"

Yaya yana zaune a kujera kusa da taga, hannunsa na dama yana rawa a kan gwiwa. Baba Direba ya ji labarin ciwon, amma bai san ya kai haka ba. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Auta," in ji Yaya. Babu wanda ya rage a duniya da ke kiransa da wannan sunan sai shi. "Lafiya dai?"

"Kurfin Baba na zo aro."

"Makunni ne?"

"Makunni."

"Marasa kai ke nan." Ya yi dariya har da tari, ya ce matar ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Kurfin yana naɗe a cikin tsumma mai maiƙo. Ya miƙa shi da hannun hagu, amma bai sake shi nan take ba. "Wa zai riƙe maka?"

A garejin mahaifinsu aikin nan na mutum biyu ne. Yaya ke riƙe kurfi ya saita baki, Auta ke bugawa. Tsohon yakan ce riƙewa aikin ido ne, Auta kuma ƙarfi kawai Allah ya ba shi.

"Ni zan riƙe."

"Ka taɓa kuwa? Bari in biyo ka, ko tocila ce in riƙe."

"Da wane hannun?" in ji matar. "Sai dai ka haska masa rufin mota."

Duk suka yi dariya. Baba Direba ya sa kurfin a aljihu.

"Ka huta, Yaya. Layinmu cike yake da mutane."

Gaskiya ya faɗa. Da yammar mutane sun yi ta wucewa ta gefen bas ɗin. Tela ya ce sannu da aiki, mai shago ya ce Allah ya ba da sa'a, wata mata ta tambaya ko gobe akwai makaranta. Ya amsa wa kowa daga ƙarƙashin sitiyari, bai ce wa kowa ya tsaya ba. Ya sa tocila a baki, kurfi a hannun hagu, guduma a dama. Idan ya saita bakin kurfin, babu wurin ɗaga guduma. Idan ya ɗaga gudumar, kurfin ya zame. Ya bugi babban yatsansa har farcen ya yi baƙi, ya naɗe shi da salatif ya ci gaba. Noti na farko ya motsa rana tana faɗuwa. Na biyun yana can ciki, inda idonsa ba ya kaiwa, kuma tocilar ta fara dushewa. Ya tattara kayan a buhu ya shiga ɗaki.

Tun da asuba ya koma. Yana kwance a wurin ya ji wata mota ta tsaya a layin ta yi oda, ya ji ƙofofin gidaje suna buɗewa, ya gane muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗago ba. Notin ya fita bayan layin ya yi tsit. Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba: ya zare tsohon makunnin, ya sa sabo, ya mayar da soket da murfi, ya ɗaure kan batir. Murɗa ɗaya motar ta tashi.

Ya wanke hannu, ya sauya riga, ya tuƙa bas ɗin babu kowa a ciki zuwa makarantar. Shugabar ta same shi a bakin ƙofa. Ta dubi yatsansa, ta dubi motar.

"Baba, na riga na yi magana da mutumin. Zai riƙe har ƙarshen zango."

"Bayan nan fa?"

"Zan ji ta bakin iyaye."

Ya tambaya ko zai iya jira ya mayar da su gida yau kaɗai, tunda ya riga ya zo. Ta ce sai ta tambayi sabon direban, wanda ya tafi shan mai. Baba Direba ya ja motar ƙarƙashin bishiyar da ke gefen katanga, ya kashe inji, ya zauna. Har aka kaɗa ƙararrawar tara sabon direban bai dawo ba.