Inci Arba'in da Takwas

Tela ba ya faɗin awo a fili. Haka maigidan da ya koya wa Auta ɗinki ya hore shi: ka zagaya tef, ka rubuta, ka ja bakinka. In mutum ya ƙara ƙiba, ka ƙara masa yadi ya tafi da farin cikinsa. Shekara tara Auta yana yi wa yayansa haka. Yaya direban babbar mota ne, wuni yake a zaune, lemon kwalba a gefen sitiyari, dangi kuwa sai yaba tumbinsa suke, wai hutu ya karɓe shi. Hutun me, mutumin da ba ya iya ɗaura takalminsa?

Ranar Litinin ciwon kai ya kai Auta asibiti. Nas ta gwada jininsa, sannan ta ɗauko tef irin nasa sak ta zagaya cikinsa.

"Malama, riga za ki ɗinka min?"

Ba ta yi dariya ba. "Inci talatin da tara. Kana dab. In tumbi ya wuce arba'in, ga hawan jini, ga suga, ga kitse a jini, to sun haɗa kai. Zuciya tana da 'yan jijiyoyin da ke kai mata nata jinin. Kitse yana taruwa a cikinsu kamar datti a bututu, har ranar da hanya za ta toshe. Ƙirji ya yi nauyi, hannun hagu ya ɗauka, gumi ya karyo. Sai mutanenmu su ce olsa ce."

Da ya koma shago ya buɗe littafin awo a shafin Yaya. Talatin da takwas. Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyar. Arba'in da takwas. Duk rubutun hannunsa ne. Ya tuna babansu, mai irin wannan tumbin, wanda ya faɗi a tsakar gida yana dafe da ƙirji, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Auta ya rufe littafin. Sau biyu ya ɗauki waya ya ajiye. Ƙane ne zai ce wa wansa ya yi ƙiba?

Laraba da hantsi ya ji takun Yaya a matattakalar shagon. Takun ya tsaya. Ya ci gaba. Ya sake tsayawa. Matakala goma sha biyu ce kacal.

Yaya ya shigo jiƙe sharkaf, ya jefa wando a kan keken ɗinki. "Autan Inna, zarenka na ƙarya ne, wandon nan ya tsuke." Ya zube a benci yana murza hannun hagu. "Samo min ruwa, olsar nan ta taso."

"Yaya, ba wandon ba ne. Arba'in da takwas ne ƙugunka."

"To, hassada ce, ɗan tsigi? Don naka tumbin bai kai nawa ba?"

"Irin ciwon Baba ne! Tashi mu tafi asibiti."

"Ina da lodi da azahar, yaro."

Auta ya zare makullin motar daga aljihun yayansa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya jira mari. Marin bai zo ba. Yaya ya ɗaga hannun ne kawai, hannun ya koma kan ƙirjinsa, leɓɓansa sun yi fari.

"Auta," ya ce a hankali, "riƙe ni."

Awa uku Auta yana tsaye a barandar asibiti, tef na rataye a wuyansa, duk ƙofar da ta motsa sai ya waiga. Can likita ya fito.

"An buɗe jijiyar da ta toshe, yana numfashi. Amma wani ɓangaren zuciyar ya riga ya lalace, ba zai dawo ba. Tuƙi kuwa a manta da shi tukuna. Ba wanda ya lura da shi ne a gida?"

Auta ya cire tef ɗin daga wuyansa, ya naɗe shi a hannu.

"Ni na lura, likita. Shekara tara."