Tarin Fukiko

Tomezo ya tada injin kwalekwalen, ya ɗaga kai ya ƙura wa tudu ido kamar mai gani. Matarsa Fukiko na zaune a bayansa, ta rungume jaka, ta ɗinke baki.

A kan tudun akwai ƙaton allon fitilu mai nuna inda ruwan mashigin tekun ya dosa, gabas ko yamma, da ƙarfin gudunsa. Ruwan nan namu na tsakanin Moji da Shimonoseki bai da alƙawari, yanzu ya yi nan, an jima ya juya. Tun zamanin masu takobi yake haɗiye jirage, har kaguwar wurin ma fuskar fushi gare ta.

To, Tomezo rabonsa da ganin allon nan ya daɗe. Fukiko ce idonsa. Tari ɗaya, gabas. Tari biyu, yamma. In ta yi atishawa, a koma gida. Ba wanda ya sani, sai dai mu maƙwabta.

Yau kuwa 'yarsu Norie ta shigo kwalekwalen da kanta. Ta riga ta faɗa: in Baba ba ya gani, makullin zai bi ta birni, kwalekwale kuma a sayar.

"Baba, me allon ya ce?"

"Ke, bari in gama dubawa." Ya ɗan karkato. "Tsohuwa, yau ba kya mura?"

"Maƙogwarona garau," in ji Fukiko. "Ka tambayi mai miya."

Abin da ya faru, jiya a gidan biki, gaban kowa, Tomezo ya sha miyar miso ta wata bazawara, Oshima, ya ce duk Moji ba mai hannunta. Har da siɗe cokali.

Tomezo ya ce, "Gabas!" Ya nufi ƙarƙashin gada, inda mashigin ya fi tsukewa.

Yamma ne, kuma da ƙarfinsa.

Inji na ta kururuwa, hancin kwalekwale na kallon gada, gada kuwa sai ƙara nisa take. Wani ƙaton jirgin kaya ya danna musu ƙaho.

"Baba, baya muke yi!"

"Ke me kika sani? Haka ake yi."

Da baya da baya ruwa ya kwashe su, har gaban kasuwar Karato a wancan ƙetaren. Matan kifi suka fito suna riƙe ciki.

"Kaka Tomezo! An juya maka injin ne?"

"A'a, kunyar mu yake ji, shi ya sa ya ba mu ƙeya!"

Fukiko ta so ta yi dariya, sai idonta ya sauka a wuyan mijin. Gumi na bin sa. Ta tuna maƙwabcinsu da aka karɓe wa nasa jirgin, yadda yake wuni a bakin taga yana ƙirga jiragen mutane.

Da ƙyar suka ɗaure igiya. Norie ta miƙa hannu. "Baba, kawo makullin."

Caraf, Fukiko ta riga ta, ta jefa shi a jaka.

"Idonsa ƙalau. Ni na ce ya kawo ni kasuwa."

"Da baya, Inna?"

"Rana ce ba na so a fuskata. Je ki sayo mana kifi, kin tsaya kina kallona."

Norie ta dube ta, ta dubi uban, ta girgiza kai ta hau matakala.

Suka zauna su biyu, ruwa na marin cikin kwalekwale. Can Tomezo ya yi gyaran murya.

"Miyar tata fa, gishiri ya yi mata yawa."

Fukiko ta kau da kai.

"Kuma ruwa-ruwa ce. Don kunya na sha."

"Da siɗar cokalin?"

"Shi ma don kunya."

Fukiko ta ɗaga kai ta dubi tudu. Fitilun sun canja. Ta gyara zaman jakarta, ta bar shi ya ɗan ƙara jira, sannan ta yi tari ɗaya.