Maganin Ƙanƙara a Tankin Fiffike

Duk filin jirgin Kawu ake ce masa. Shi ke zuba wa ƙananan jirage mai tun kafin a yaye rabin matuƙan, kuma ba ya son a koya masa aiki, wannan kowa ya sani.

Akwai maganin da ake sa wa man jirgi don kada ɗan ruwan da ke ciki ya daskare a sama ya toshe bututu. Wani ɗan famfo ne ke ɗiga shi kaɗan-kaɗan yayin da man ke gudu. Ranar da famfon ya ƙi, matuƙi na ta ƙorafi, sai Kawu ya cika tankin fiffike, ya tuttule gwangwanin maganin a kai. Wai ai a ciki za su haɗu. Har ƙari ya yi, don alheri!

Ina! Maganin ya nutse ƙasa, ya jawo ruwa, ya yi kauri, ya shiga ɓare fentin tankin. Ba a jima ba, jirgin na shirin tashi da fasinjoji matatar mai ta toshe. Allah ya taimaka yana ƙasa.

Duk wanda aka samu da laifin, katin aikinsa za a karɓe. Injiniyan da aka ba binciken kuwa mijin 'yar Kawu ne.

Ya sami Kawu a rumfar tankar mai, ya ajiye kwalbar man da ya ɗebo daga tankin jirgin a kan benci. Sama mai ne garau, ƙasa wani abu kamar majina, ɓarɓashin fenti na yawo.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Suna gaishe ka." Injiniya ya sunkuyar da kai. "Baba, na ce ko famfon ne ya zuba da yawa."

Kawu ya gane. Surukinsa mai gaskiya ne, ga shi yana ƙoƙarin ɗinka ƙarya don ya rufa masa asiri. Wannan ta fi kwalbar ciwo. Kunya ta rufe shi, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Famfon bai yi aiki ba ran nan," ya ce. "Hannuna ne."

Injiniya ya kasa buɗe baki ya nemi katin. Kawu ya cire shi daga wuya ya miƙa. Sai Injiniya ya durƙusa a kan simintin, ya karɓa da hannu biyu.

"Tashi, don Allah," in ji Kawu, murya ƙasa-ƙasa. "Mutane na kallo."

Ai kuwa kaf ma'aikatan rumfar sun dakata da aiki.