Rumfar Motar Salmanu

A farkon damunar da ta biyo bayan canjin kuɗi ne Malam Na'Allah ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ƙashin cinyarsa ya karye. Mai ɗorin da aka ɗauko daga wani ƙauye can bayan Obi ya zo ya ɗaure, sannan ya ja Salmanu, babban ɗan tsohon, zuwa gefe. Ya ce wannan ɗaurin na tare kumburi ne kawai. Ran Laraba mai zuwa a kai masa tsohon har gidansa, ya zauna kusa da shi har ƙashi ya kama, don kullum sai an duba, shi kuwa ba zai iya zaryar Lafia ba. In aka wuce Laraba, ƙashi zai fara kamawa a karkace, kuma shi ba ya sake karya ƙafar dattijo.

Sai dai ɗakunan mai ɗori duk sun cika. Sauran masu karaya a gindin mangwaro suke kwana, kowa da tabarmarsa. To, Malam Na'Allah kuwa mutum ne mai ƙyanƙyami tun yana saurayi. Ko ƙuda ya sauka a bakin kwanonsa ya gama cin abinci ke nan.

"Ni zan kwanta inda wani ya tofar da kaki?" in ji shi. "A ina zan yi salla? Ku bar ni da ƙafata, ta kama yadda Allah ya so."

Salmanu bai yi musu ba, don ba ya musu da tsohon. Ya fita ƙofar gida ya tsaya yana kallon akori-kurarsa, Fijo fara wadda yake ɗaukar doya da ita daga Doma zuwa kasuwa. Can sai ya dawo ya durƙusa.

"Baba, in na yi maka ɗaki a bayan mota fa? Naka kai kaɗai, wanda ba wanda ya taɓa kwana ciki."

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Ya ce in dai akwai tsarki, zai je.

Da safe Salmanu ya fara zuwa wurin Nababa mai walda. Nababa ya nuna masa irin rumfar mota da kowa yake yi, ƙarafa a lanƙwashe a ja tampol a kai. Salmanu ya shiga ƙarƙashin wata da aka gama, ya ji zafi kamar an kifa masa tukunya, ga warin tampol, ga kafofi ta ko'ina da sauro zai bi. Ya yi godiya ya wuce.

A hanyar Makurdi ya ga wadda ta kwanta masa. Wani Tibi mai fataucin lemo, Iorliam, motarsa ta mutu, ya sauke rumfarta ya ɗora a kan duwatsu yana neman mai saye. Rufaffiya ce ruf, kwano ta waje da koren fenti, falanki ta ciki, taga biyu masu raga, da ƙofa mai sakata. Rana na tsaka, amma da Salmanu ya sunkuya ya shiga sai ya ji sanyi-sanyi, da ɗan ƙanshin ɓawon lemo. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya ji ba ya amsawa kamar kwano.

"Kai ya ji sanyi, ko?" in ji Iorliam yana dariya, da irin Hausarsa ta kasuwa. "Ni da matata Doose muna kwana ciki in mun je sayen lemo. Rana ba ya shiga. Amma abu ɗaya, Oga direba. Ciki ɗin nan, tsumma kawai. Ka goge, ka share. Ruwa, a'a. No wota."

Salmanu ya ce to. Suka daidaita, aka kama aka ɗora, ta zauna a bayan Fijo kamar don ita aka yi. Ya koma wurin Nababa a ɗaure ta da kusoshi. Nababa yana ɗaurewa yana taɓe baki, don cinikin ya wuce shi.

"Ta yi kyau," ya ce. "Amma ka tambaye shi abin da yake ɗauka in lemo ya ƙare? Ni dai ban gani da idona ba. Aladu dai ba a ƙafa suke zuwa kasuwa ba."

Maganar nan ta zauna wa Salmanu a ƙirji. Duk hanyar gida yana jin kamar wani abu na gurnani a bayansa. Sai ma ya tuna zancen kada a sa ruwa, ya ce a ransa, ka ji ƙazanta, wane irin ɗaki ne mutum zai kwana da iyalinsa a ce bai taɓa ganin ruwa ba?

Yana isa ya kai motar bakin rijiya. Matarsa Rekiya na jan guga, shi yana ciki da soso da omo, ya tuɓe riga. Ya wanke da toka, ya ɗauraye. Ya wanke da kanwa, ya ɗauraye. Ya riƙa watsa bokiti a bango da rufi, har saman kusurwa inda falanki ya ɗan buɗe baki, nan ma ya ɗura, don a ganinsa nan ne datti yake ɓuya.

"Maigida," in ji Rekiya, "ruwan da nake ba ka da yawa, wanda yake fitowa kaɗan ne. Ina sauran yake zuwa?"

"Katako ne yake sha. Jawo wani."

"Hannuna ya mutu fa. Ko gawa ba a yi mata wannan wanka."

Da ya ga fuskar falanki ta bushe sai ya shiga shiri. Ya sa kafinta ya buga gado na katako a gefe ɗaya, daidai tsawon tsohon, da wurin ɗora ƙafar. Ya sayo sabuwar katifa ta rimi, da gidan sauro, ya kafa masa ƙusoshi huɗu. Ya rataye fitilar ƙwai a inda hannun mai kwance zai kai. Buta da buzun salla da dutsen taimama a wajen kai, fo mai murfi a ƙarƙashin gado, risho da tukwane a cikin kwando kusa da ƙofa. Rekiya ta ɗinka labule da tsohon zanenta mai ruwan goro. Maƙwabta suka yi ta leƙe, wani ya ce ko shi ma ya je ya faɗo daga rumbu ne. Salmanu ya ji daɗi ƙwarai. Ya rufe tagogi, ya danna sakata don kada kaji ko ƙuda su ɓata masa aiki, ya ajiye motar a tsakiyar fili inda rana ta fi duka, wai ta ƙarasa bushewa. Ya hana kowa buɗewa sai ranar tafiya.

Kwanakin nan kuwa an yi zafi irin na hadarin da ya ƙi zuba.

Ran Laraba da hantsi aka ɗauko Malam Na'Allah a kan ƙyauren ɗaki, maza huɗu suna riƙe, yana ta salati saboda ciwo. Salmanu ya wuce gaba ya zare sakata.

Abin da ya fito ba a iya kiransa wari kawai. Tsami ne irin na ƙullun da aka manta a ƙarƙashin gado, a bayansa ɗoyin mushe, mai ɗumi, mai nauyi, har kana jin sa a harshe. Ɗaya daga cikin masu riƙon ƙyaure ya kusa saki. Salmanu ya toshe hanci ya leƙa. Sabuwar katifar ta yi furfura, baƙi-baƙi da kore. Wani ruwa kalar miyar kuka yana tsatsowa daga gindin bango, ya bi ƙarƙashin gado ya jiƙe buzun salla sharaf. A kan labulen Rekiya kuwa tsutsotsi ne farare, ƙosassu, suna hawa a natse kamar gidan ubansu. Ɗaya ta faɗo daga rufi ta sauka a wuyansa, ta gangara cikin riga.

Ya yi tsalle baya yana kakkaɓewa, ya durƙusa a gindin taya ya amayar da kokon da ya sha.

"Wannan ne ɗakin?" in ji tsohon, ya ja hula ya rufe hanci. "Masai ka gina mini, Salmanu? Ku mai da ni ciki. Gara in mutu gurgu."

Aka mai da shi. Salmanu ba mai faɗa ba ne, amma ranar ya hau keken maƙwabci ya tafi hanyar Makurdi zuciyarsa na tafasa. Ya tarar da Iorliam yana nan inda motarsa ta mutu yana cin rogo, ya ce masa ya zo ya ga abin da aladunsa suka bari.

"Alade?" Iorliam ya ajiye rogon. "A ɗakin da nake kwana? Wa ya gaya maka?"

Salmanu ya ce mai walda ne. Iorliam ya ɗauki ƙarfen cire taya ya biyo shi. Tun daga bakin fili ya ja birki, ya ɗaure hanci da hankici. Ya shiga, ya sa ƙarfen a bakin falanki ya ɓamɓare. Bangon ya zubo. Ashe tsakanin kwano da falanki buntun shinkafa ne aka ɗura dam, irin wanda ake jibgewa a bayan injinan casa, da dusa a gauraye, shi ne yake tare zafin rana. Yanzu ya jiƙe ya dafu ya zama baƙin kunu, yana motsi da kansa. A ciki har da gidan ɓera, uwa da 'ya'yanta, ruwa ya ci su, sun kumbura gashi ya saɓule.

Iorliam ya fito da gudu ya tofar da yawu.

"Kai ya sa ruwa! Na ce maka no wota! Shekara nawa buntu nan yana bushe, ko wari babu. Bokiti nawa ka zuba?"

Salmanu ya sunkuyar da kai. Rekiya ce ta amsa daga bakin zaure, gyale a hanci. "Tambayi rijiyar, ita ta sani."

"Ai da ka ce mini akwai buntu," in ji Salmanu a hankali.

"Ai da ka tambaye ni alade, maimakon mai walda."

Buɗe baki ma wahala ne a wurin. Suka kwance kusoshi, aka taru aka tunkuɗe rumfar ƙasa, ta faɗi ta fashe, kaji suka rugo kan tsutsa. Katifa da labule da buzu aka cinna musu wuta. Rana ta riga ta karkata. Salmanu ya tsaya yana kallon bayan motar tsirara, ga tsohon a ɗaki ya juya fuska bango, ga Laraba tana tafiya.

Rekiya ta zo ta tsaya kusa da shi, ba kusa sosai ba.

"In mun je girbin doya, a me muke kwana?"

Ya dube ta. Sai ya tafi bayan gida ya jawo gwangwalar da tsohon ya tanada don jinkar rumbu, da sababbin zana, da dammunan ciyawa. Aka baza kara a bayan motar aka babbake ƙarfen, aka goge da toka da lemon tsami, wannan karon Iorliam da kansa ya ce a sa ruwa, ƙarfe ne. Suka lanƙwasa gwangwala suka ɗaure a jikin bodi, suka kewaye da zana, suka baibaye da ciyawa, suka ja igiya ta ko'ina don iskar hanya. Iorliam ya iya baibaya ƙwarai, yana yi yana mita. Aka shimfiɗa katifar tsohon ta ɗaki, aka rataye asabari a ƙofa. Motar ta koma kamar bukkar gona ta yi taya. Yaran unguwa sai dariya.

Salmanu ya shiga wurin mahaifinsa ya durƙusa daga nesa.

"Baba, ka zo ka shinshina kawai. In bai yi ba, ba zan ƙara magana ba."

Tsohon ya juyo daga bango. Sannan ya ce a ɗauke shi. Aka kai shi bakin motar, ya ɗaga asabari da sandarsa, ya ja numfashi sau ɗaya da tsoro, ya sake ja. Ƙanshin sabuwar ciyawa ne da ɗan hayaƙi. Ya sa hannu ya murza zanar, ya duba yatsunsa.

"Ciyawar rumbuna ce wannan."

"Ita ce, Baba."

"To, ku sa ni." Aka sa shi. Da Salmanu ya sunkuyo zai gyara masa ƙafar, tsohon ya kau da kai ya tare shi da sanda. "Kai kuma ba za ka tuƙa ni a haka ba. Je ka yi wanka, ka ƙone rigar nan. 'Yar nan, ba shi sabulu mai yawa."

Sun isa gidan mai ɗori ana kiran magariba, a hankali, saboda ramuka. Mai ɗori ya zagaya motar yana kallo, ya hau ya fara kwance ɗaurin.

Ita kuwa koriyar rumfar tana nan a bayan gida inda aka jawo ta. Rekiya ta so ta mai da ita akurki, amma da tsutsar ta ƙare, ko kajin ba su ƙara shiga ba. Salmanu kuma ya daɗe in aka ajiye masa shinkafa sai ya ce ya ƙoshi.