Gilashi a Kan Tsohon Gari

Dahiba na shigowa zaure da tiren shayi ta tarar da Baffa Awad tsaye gaban bango, yana shafa gilashi da yatsa, sama da ƙasa, kamar mai laluben makunnin fitila. Idanunsa sun daɗe da mutuwa. Ta dire tiren har kofuna suka yi ƙara.

Aikin ɗanta Fikri ne. Jiya ya dawo daga Aswan, inda yake tuƙa jirgin ruwa, ɗauke da taswirar kakansa a cikin firam mai ruwan zinare, yana ta washe baki. Wai wani mai sayar da kayan tarihi ya ce masa irinta ta yi ƙaranci, kuma yatsun mutane na cinye ta.

Ai kuwa sun ci. Mahaifin Dahiba na cikin waɗanda suka ja sarƙar awo a bayan masu safiyo, wato masu auna ƙasa, tun kafin a gina madatsar ruwa, aka ba shi taswirar garin guda ɗaya manne a jikin yadi. Komai na tsohon gari yana ciki: gonakin dabino, masallaci, maƙabarta, da inda kowane gida ya tsaya a bakin kogi. Yau duk suna ƙarƙashin tafki. Tun da aka kwaso su zuwa wannan tsandauri, duk Juma'a in an sauko daga masallaci tsofaffi kan zo, kowa ya ɗora yatsa a kan gidan ubansa ya yi wa mamatansa addu'a. Tun takardar na koɗewa har ta huhhuje. Da waɗannan ramukan Baffa Awad yake gane hanyar gida.

"Dahiba," ya ce a hankali, "ni ne na ɓata, ko garin ne ya sake tashi?"

Maganar ta soke ta. Ta wuce kicin ta ɗauko wuƙa, ta sauke firam ɗin ta kifa shi a kan tabarma. Fikri ya fito da sauri, ko takalmi babu. Ya yi rantsuwa don alheri ya yi, ya ce in aka ci gaba a haka ba abin da zai rage wa jikoki sai tsumma. Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya ƙara ba ta haushi.

"Inna, don Allah. Za ta ƙare fa."

"Ta ƙare ɗin. Ruwa ya rufe garin nan muna kallo, ba wanda ya tambaye mu. Ba za a sake rufe shi a zaurena ba."

Ta ɓamɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta zare taswirar ta shimfiɗa. Baffa Awad ya durƙusa, yatsansa ya bi bakin kogi, ya wuce masallaci, ya faɗa wani ɗan rami ya tsaya. Leɓunansa suka fara motsi.

Fikri na tsaye rungume da gilashinsa. Shi a nan aka haife shi, bai taɓa sa hannu a takardar ba. Dahiba ta ce ya ajiye kafin ya yanke kansa. Ta kamo hannunsa ta kai kan gidan ubanta.

Yatsansa ya fi nata kauri. Yana taɓawa gefen ramin ya ɗan yage, ya yi saurin janyewa.

Ta mayar da yatsan ta danne.