Mai Tsintar Ɓawon Lemo

Tun da mai kitso ta ce mata a gaban mutane, "Ashe digirin 'yarki na tsintar shara ne," Inna ba ta ƙara cin abinci da daɗi ba. Ita ma ta gani da idonta: 'yar da ta sha wuya a kan karatunta, durƙushe a bayan rumfar masu lemo, tana cusa ɓawo a buhu.

Ta yafa mayafi, sai wurin aikin yarinyar. Mai gadi ya ce, "Baba, sai da izini." Ta ce, "Izinin wa? Ni na haife ta!"

Ɗakin fari fes, kwalabe jere, ga wata tukunyar ƙarfe an ɗaure bakinta da kusoshi. Inna ta buga tebur.

"Ina ogan naku? Ya fito ya gaya mini laifin da ta yi aka mai da ita 'yar bola!"

Ma'aikatan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. 'Yar ta ce, "Inna, ni ce ogan. Zauna ki gani."

"Ba na zama."

'Yar ta nuna mata ɓawon da aka busar, aka niƙa, aka dafa a tukunyar har ya koma ruwa kamar shayi.

"A cikinsa akwai ƙwayoyin gawayi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Haske ne ke tashinsu aiki."

Aka ja labule, aka kunna wata 'yar fitila. Kwalbar da ruwan ke ciki ta kama haske, shuɗi garau. Inna ta ja da baya tana salati. Sai aka zuba kaɗan a kofin jan ruwan da masana'antar rini ke zubarwa, aka buɗe labule, aka ajiye a taga, cikin rana. Inna ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, don kada a yi mata wayo. Har ƙafarta ta gaji, jan yana ta koɗewa, ruwan ya fara nuna gindin kofi.

Ta share ido da bakin mayafi, amma muryarta na nan.

"To, na ji. Amma mutanen unguwa ba su gani ba. Wannan farar rigar da ke jikinki, gobe da ita za ki je kasuwa. Kuma ta ƙofar mai kitso za mu bi. Ni zan riƙe miki bakin buhun."