Riƙon Gida

Kuna wurin, kada wani ya ce bai gani ba. Ranar Talatar da kuka fara dawowa daga dogon hutu, ma'aikatan asibiti biyu suna tsaye a hawa na uku da gadon ɗaukar marasa lafiya, an lulluɓe ta har ka. Suna ta danna maɓallin lif ya ƙi zuwa, saboda wani a ƙasa ya tokare ƙofarsa da akwati yana jidar kaya. Da suka gaji suka sauko da ita ta matakala, ina biye da su. A kwanar hawa na biyu matar Akanta ta manne da bango, ta rufe wa 'yarta ido da tafin hannu, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko daga wane sashe ne.

"Kakar 'yan biyu ce," na ce.

Ta yi salati, ta ce ashe ba ta tafi hutu ba. Daga nan ta ci gaba da jan akwatinta. Shekara uku suna bene ɗaya.

Benenmu hawa biyar ne, yana kallon ƙofar makarantar ƙasa da ƙasa, titi kawai za a tsallaka. Duk ɗan ƙasarmu da aiki ya kawo nan da iyali, wannan benen yake mafarki, don yaro zai iya jin ƙararrawa yana ɗaura igiyar takalmi kuma bai makara ba. Ni lissafi nake koyarwa a makarantar, an ba ni ƙaramin sashe daura da na Injiniya, ɗan marigayiyar.

Masu benen sun gaji da ganin sassa a kulle mako goma alhali mutane na jira, sai suka kafa doka. A dogon hutu, kowace Litinin wani daga cikin waɗanda aka rubuta a sashe zai sauko ofishin mai kula da bene da katin ƙofa mai hotonsa. In aka yi Litinin biyu a jere ba a ga kowa ba, sashen ya koma hannun na gaba a jerin masu jira. Mutanenmu ba su yi gardama ba, dabara suka samo: a tafi gida hutu da yara, a bar tsoho. Har suna abin ya samu. Za ka ji mace tana tambayar 'yar'uwarta a bakin makaranta wa zai riƙe musu gida bana, kamar mai tambayar wa zai ba fulawa ruwa.

Na yi magana a taron iyaye, aka ce ƙuruciya ce. Na rubuta a zauren wayarmu, wani ya turo fuskar dariya, wata ta ce ai tsofaffin ma hutawa suke yi da hayaniyar jikoki.

Wannan ne hutu na uku da Kaka ta riƙe gidan. Ni ma ban tafi ba, ina da darussan hutu. Da la'asar nakan shiga wurinta. Ba ta zama a kujerun falon, a kan kafet take zama ta jingina da su. Tun makon farko ta goge kayan makarantar 'yan biyun ta rataye a bayan ƙofa, takalma huɗu a jere a ƙasa. Takan ce da ni Malamar Lissafi, ta ce kullum fuskata a murtuke kamar an taka min ƙafa, ko mijin da zai aure ni sai ya zo da takardar neman izini. Ɗanta kuwa ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ɗan fari ne. Yaron nan take cewa, ko uban 'yan biyu.

A mako na bakwai na lura ƙafarta ta daina shiga silifas, tana taka bayansu. In ta yi magana sai ta tsaya tsakiya ta ja numfashi ta baki. Ta ce sanyin na'ura ne. Na dage, da ƙyar ta yarda na kai ta asibitin da ke bayan makaranta. Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, sannan ya ce zuciya ce, ruwa ya taru a huhu, dole a kwantar da ita, kuma ba zai yi alkawarin ƙasa da mako uku ba. Na mayar mata da Hausa.

"Litinin nawa ke nan?" ta tambaye ni.

"Uku, Kaka."

"To, ki ce masa mun gode."

Tun daga cikin tasi nake faɗa. Na ce zan riƙa kai katin da kaina, ta tuna min ba hotona ne a jiki ba. Na ce gidan banza, a karɓe. Ta bar ni na gama, har muka shiga falo ta zauna ta huta, sannan ta yi magana.

"Shekara biyu yaron nan ya jira kafin a ba shi gidan nan. Da suna can ƙarshen gari, ƙarfe biyar ake tashin yaran, ƙaramar kullum sai ta yi amai a mota. Ni ba girki nake yi ba, ba shara ba. Abu ɗaya aka ce in yi, Malama. Ɗaya. Sai kuma su dawo su tarar da kayansu a ƙofa?"

Ta hana ni kiran Injiniya, na kira shi. Ya ce in ba ta wayar. Ina tsaye na ga ta gyara zama, ta tara numfashi, ta yi dariya, ta ce masa Malama ce da ɗaga hankali, ɗan kumburin ƙafa ne. Da wayar ta dawo hannuna ya yi min godiya sosai, ya ce a ba ta duk maganin da likita ya rubuta, saura kwana kaɗan su dawo. Har zan kashe ya ce, "Katin dai ana kaiwa ko?"

Ana kaiwa. Litinin ɗin nan uku ni na riƙe ta muka sauka. Takan sa mayafinta mai kyau, ta rataya katin a wuya da zare don kada ya ɓata. Kafin mu shiga ofishin sai ta saki hannuna ta miƙe sosai, kada mutumin ya ga tana ciwo ya fara tunanin ba wa wani sashen. Mai kula da benen dattijo ne mai tabarau, ba ya jin Hausa, ita ba ta jin yarensa. Yakan ɗaga mata babban yatsa, ya ce in gaya mata ita ce ba ta taɓa fashi ba a benen nan. Ni kuwa ko gaisuwarsa ba na amsawa da kyau. Na riga na yanke cewa shi ne abokin gaba. A makonnin nan na zauna na rubuta wasiƙa shafi huɗu kan zaluncin dokar, da niyyar karantawa a taron iyaye na farkon zango.

Litinin ta ƙarshe da muka hawo ta ce min shi ke nan, ta gama. Ta ce gobe in na so in kai ta wurin likitan nan mai sanyin hannu.

Da safe, wajen ƙarfe takwas, na ƙwanƙwasa ba a amsa ba. Na buɗe da makullin da ta ba ni. Tana zaune a kan darduma ta jingina da kujera, kanta ya ɗan karkata, katin yana wuyanta.

Bayan motar asibiti ta tafi, mai kula da benen ya hawo da takardar hayar don a cike wasu bayanai. Ya tambaye ni ko ta daɗe tana ciwo. Na gaya masa komai, da zafi, na ce dokarsu ce ta kashe ta. Ya cire tabarau ya dube ni. Sannan ya buɗe shafi na shida ya ɗora yatsa. An rubuta cewa in wanda ke sashe ya kwanta asibiti, takardar likita ta isa, dokar Litinin ba ta aiki har kwana sittin. Ya ce ina ma a ce wani ya gaya masa ko kalma ɗaya.

Kwafin takardar yana cikin durowar da ke ƙarƙashin talabijin, a ambulan ɗinsa, ba a ko yage bakin ba. Injiniya ya sa hannu ranar da aka ba shi makulli, cikin murna, bai karanta ba. Na bi benen na tambaya, ba wanda ya karanta, kowa a bakin maƙwabcinsa ya ji dokar. Ni ma da na rubuta shafi huɗu ban karanta ba. Na zauna kusa da durowar nan la'asar sun fi hamsin.

Injiniya ya iso ranar Alhamis, ya yi kuka kamar yaro. A nan aka binne ta, maza goma sha ɗaya suka je. A wurin zaman makoki kuka ce mace ce mai haƙuri, kuka ce kwana ya ƙare. Ban musa ba. Na gaji da musu. Ranar Litinin 'yan biyun suka tsallaka titi suka shiga aji kan lokaci.

Tsofaffi shida aka bari riƙon gida bana, biyar suna nan. Ɗaya daga cikinsu surukin Likita ne na hawa na huɗu. Kullum da hantsi yana fito da kujerar roba ya zauna a ƙarshen baranda inda rana ke shigowa, yana tari cikin hankici, yana naɗe shi da sauri in ya ji takun mutum. Ku buɗe durowarku yau ku ciro takardar, ku zauna ku karanta wa tsohonku shafi na shida da Hausa, a hankali, har ya ce ya gane. Wanda ba shi da tsoho a gida ya hau hawa na huɗu ya yi sallama.